Muryata, Hannun Zali

Sallama gare ku masu riƙe da waya. Kafin wata ta rubuto mini "Allah sarki Hajiya", ta daure ta kai ƙarshe tukuna, don ba tausayi na zo nema ba. Sunana Rumasa'u. A Utaibiyya aka haife ni, cikin Makka, gidan mahaifina Alhaji Kabo mai sayar da gwangwanayen zamzam. Kakana daga Kano ya tako a ƙafa, ya yi hajji bai koma ba. Mu muka tashi da takardar ƙasa a hannu da Larabci a baki, muna yi wa Hausawan da ke kan duwatsun Nakkasa kallon banza. Abin da zan faɗa ya faru a shekarar 1385, wato 1965 a lissafinku. Shekarata ashirin da biyu, ba miji, ƙawayena kuwa duk da goyo a baya.

Ummina mace ce mai son a sani. Ta je bikin wani attajiri ta ga 'yarsa tana kaɗa kamanja a tsakiyar mata, ana ta masha Allah. Kamanja gogen Turawa ne mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Ko abaya ba ta cire ba ta tsaya a kan Abuya, wato babana.

"Wallahi tawa ma sai ta yi. Da me 'yarsu ta fi Rumasa'u?"

"Fatsuma, kiɗa a gidana? A Makka?"

"A sama za a yi, a rufe tagogi. Khalas, na gama magana."

Malamin da ake ji da shi a lokacin Ustaz Lurwanu ne. Ɗan mai goge ne daga Tasawa. Ya biyo ayarin alhazai, guzuri ya ƙare musu a Ummu Durman ta ƙasar Sudan, ya shiga wajen masu badujalar soja yana goge musu ƙaho. A can wani Ba'armeniye mai gyaran agogo ya fara ɗora masa kamanja a kafaɗa. Daga nan ya wuce Alƙahira, shekara huɗu yana share makarantar kiɗa da safe, da yamma a bar shi ya zauna a bayan aji. Da ya iso Hijaz, ranar Alhamis yana kiɗa a gidan rediyo a Jidda, sauran kwanakin yana koyarwa gida-gida a Makka, a ɓoye. Kuma ba kowa yake karɓa ba, sai mai baiwa. Sati uku yake ba ɗalibi. In ya ji babu kunne, sai ya rufe akwatinsa ya ce da uban, "A sa shi kasuwa." Ko ɗan waye.

Mata kuwa ta bayan labule yake koya musu. Ba ya ganinki, ba kya ganinsa. Zai ja layi ɗaya ki maimaita, in kin kuskure ya faɗa miki yatsan da ya zame kamar yana kallo. Aka rataya koren labule mai kauri a tsakiyar ɗakinmu na sama, aka cusa matasai a tagogin katako don kada maƙwabta ko 'yan hisba masu sanda su ji. Ummi tana zaune bakin ƙofa da carbi, ta ɓangarena.

Kwana biyar na yi. Abin da ke fita daga kamanjata, kyanwar da aka taka wa wutsiya ta fi shi daɗi. A na biyar ɗin ya ja numfashi ya ce, "Rumasa'u, saura sati biyu." Ga Ummi ta riga ta bi gidajen unguwa ta baza cewa Ustaz Lurwanu da kansa ya karɓi 'yarta. Goggo Shatu, yayar Abuya, har ta ce, "To Allah sa kiɗan ya jawo miji, tunda fuska ta kasa." Na tsani matar nan, har yau da take kabari ban fasa ba.

To akwai wata yarinya a gidanmu, Zali. 'Yar ƙanwar Ummi ce ta can Damagaram. Sun zo hajji da uwarta shekara biyu kafin nan, zafi ya kashe uwar a Mina, ita ta zauna mana ba takarda ba komai. Shekararta sha bakwai, siririya, baƙa, Larabcinta a karye, ba ta san ko alif ba. Ita ce wanki, ita ce niƙa, ita ce shara. A ƙarƙashin matakala take kwana.

Ranar nan da Ustaz ya tafi, na yi wurgi da kamanjar a kan katifa na sauka shan ruwa. Ina dawowa a matakala na ji layin da ya gagare ni kwana biyar yana fitowa tas, har da ɗan lanƙwasar ƙarshensa. Na banko ƙofa. Zali ce, tsintsiya a gefenta.

"Ke! Uban wa ya ce ki taɓa?"

"Yi haƙuri, Yaya. Babana mai goge ne, tun ina ƙarama nake riƙe masa. Hannuna ne ya yi ƙaiƙayi."

Sai da na fara kwaɗa mata mari. Tana dafe da kumatu dabarar ta zo mini.

Darasi na gaba, na zaunar da ita a bayana na miƙa mata kamanjar. Ummi ta ɗago ta dube mu, ta mayar da kai kan carbinta. Ustaz ya ja layi, Zali ta maimaita.

"Sake," ya ce.

Ta sake. Ya ja wani mai wuya, ta ɗauke shi kamar dama nata ne.

"Rumasa'u, ina kika ɓoye wannan hannun?"

Na karya murya na ce, "Kunya nake ji a da, Ustaz."

Haka muka yi wata goma sha ɗaya, murya tawa, hannu nata. Dokar da na kafa mata ita ce ko tari kada ta yi. Sau ɗaya atishawa ta kufce mata, na mintsine ta a cinya har wurin ya kumbura, na ce "Afuwan Ustaz, mura nake." Ni kuwa duk tsawon darasi idona na kan labule. Ina kallon inuwarsa, ina kallon yatsun ƙafarsa ta ƙasa, farare tas, ina shaƙar turarensa. Na kamu, ba zan ɓoye muku ba. Na so mutumin nan tun ban ga fuskarsa ba, na so yadda yake yin shiru idan kiɗa ya yi masa daɗi, ko da yake na san shirun ba nawa ba ne.

Duk sati yana turo ɗan gwangwanin ƙaro ta ƙarƙashin labule, wanda ake gogawa a izgar kamanja. A wata na shida na buɗe na ga takarda a ninke. Mu a lokacinmu wannan ne saƙon waya.

"Jiya a Jidda na kaɗa abin da kika ƙara a ƙarshen darasinmu. Abokan aiki suka ce na waye? Na ce na wata ce da ban taɓa ganin fuskarta ba."

Na kwana biyu ina tsara amsa. Na rubuta, "Duk abin da hannuna ya faɗa maka, zuciyata ce ta aiko shi." Ku ji ƙarya don Allah.

A saƙo na gaba ya ce, "Na koyar da yara sun fi sittin. Kowa ni nake ba shi. Ke kaɗai ce nake tashi daga darasinki na ƙaru."

Zali ta gan ni ina karantawa ina murmushi. Ta matso da kwandon wanki a kai.

"Yaya, maganar kiɗan ce? Me ya ce?"

"Ya ce hannunki ya yi nauyi, kamar mai daka. In ba ki gyara ba zai daina zuwa."

Idonta ya ciko. Daga ranar, duk lokacin da ta sami sarari sai in gan ta a bayan tulunan ruwa da guntun icen girki a haɓa, tana danna yatsu ba sauti. Sati na gaba ta yi kiɗan da ya sa Ummi kanta ta tsayar da carbi. Ko Zali ma son sa take? Ban sani ba, ban tambaya ba. Wa ke tambayar mai wanki abin da ke ranta?

Bayan ƙaramar salla Ustaz ya sami Abuya a shago, ya ce yana neman auren ɗalibarsa Rumasa'u. Abuya bai san komai game da wasan labule ba, shi dai ya san 'yarsa ta iya. Ya dawo yana gunaguni wai ba zai ba makaɗi 'ya ba. Ummi ta tayar masa da hankali kwana uku. Ta ce mutum ne mai aikin rediyo, mai sa farin tobi da agogo, ko so yake in tsufa a ɗaki Shatu ta ci gaba da zagaya gari da sunana? Abuya ya ce a bari a gama hajji, shago ya yi sauƙi, sai Ustaz ya zo gani. Al'adar Hijaz ke nan, mai neman aure ya zo ya ga fuskar yarinya da tafukanta sau ɗaya a gaban ubanta, in ya gamsu a sa rana.

Washegari da hantsi muna tsince shinkafa a soron sama, na ce, "Ummi, in an yi auren ya ce in kaɗa masa fa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki ce kin dafa Ka'aba kin yi alkawarin barin kiɗa, don godiya Allah ya ba ki miji. Wa ya isa ya ce ki karya?"

"Zali fa? In ta taɓa ko da igiyar guga ce zai gane ta."

"Alhazan Damagaram za su koma bayan hajji. Na yi magana da madugunsu, Ɗanjuma. Zai tafi da ita."

Na ji sanyi a raina. Ban ji ko ɗigon kunya ba, sanyi kawai na ji.

Da aka gaya wa Zali, a ƙasa ta zube ta kama ƙafar Ummi. "Inna, ba ni da kowa a can. Babana ya rasu, kin sani. Wajen wa zan je?" Ummi ta janye ƙafarta ta ce dangi ba sa ƙarewa. Sai ta rarrafo wajena.

"Yaya, ki sa baki. Ko Nakkasa a kai ni, in riƙa wanki a can. Ranar darasi kawai in zo. Wallahi ba zan yi magana ba, ai kin ga ban taɓa yi ba."

"Wane darasi? An gama darasi. Ke kin ɗauka don ke yake zuwa? Bai ma san an halicce ki ba."

Ta sake ni ta miƙe, ta je ta ci gaba da wanke tukwane.

Amma ni ba wawiya ba ce. Na sha jin Ustaz yana tambaya ta bayan labule, "Yatsu sun yi kanta kuwa?" ni in amsa "Sun yi," ban ma san me nake amsawa ba. Na san ranar gani ba zai tsaya a fuska ba. Hannayena kuwa laushi kamar na jariri, farce zaƙo-zaƙo, tun da aka haife ni ban wanke ko mayafina ba. Sai na yanke farcen hannun hagu, don na tuna da shi ake danna tsirkiya. Na tsinko waya daga igiyar shanya, na ɗaure ta a jikin ƙafar gado, kullum in zauna ina danna yatsu ina gurzawa. Suka yi ƙulu, suka fashe, suka yi jini, na sa gishiri na ci gaba. Sati shida ina wannan azaba. Kafin alhazai su sauko daga Mina, yatsun nan biyar duka sun yi kanta mai tauri har da tsagar waya a kai. Ina kallonsu ina jin alfahari.

Ranar gani ta zo daidai da ranar tafiyar Zali, Ummi ce ta haɗa su da gangan. Da hantsi motar alhazai ta tsaya a bakin lungu. Ina leƙe ta tagar katako, na ji Ɗanjuma yana ce wa Ummi, "Hajiya, sai mun kwana biyu a zangon alhazai a Jidda, jirgin ruwanmu sai jibi." Zali ta fito da ƙullin kaya ɗaya da tsohuwar abayata da ta yi mata yawa. Ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin sama. Na ja da baya don kada ta gan ni.

Daga nan aka shiga gyara ni. Doguwar riga shuɗiya ta siliki mai zaren zinare a wuya, farin mayafi mai ƙananan furanni, awarwaro shida a hannun dama, sarƙar Ummi mai nauyi. Aka zizara mini kwalli, aka turara gashina da sandal har ina tari. Ummi ta so a yi mini lalle, na hana a taɓa hannun hagu, ina so kantar ta fito fili. An shimfiɗa jar dardumar baƙi a falon ƙasa, an jera kofunan gahawa da dabino da alewar madara.

Bayan la'asar ya iso. Abuya ya kira ni, na shiga kaina a ƙasa, na zauna kusa da shi. Sai a ranar na ga Ustaz Lurwanu. Dogo ne, siriri, da 'yar furfura a gefen kunne duk da bai wuce talatin da biyar ba. Ya fi yadda na zana shi a raina.

Ya dubi fuskata sau ɗaya, don ladabi. Sannan ya ce, "Alhaji, in ba damuwa, ina so in ga hannun. Na hagun."

Abuya ya yi dariya. "Kai Ustaz, kowa fuska yake kallo, kai hannu!"

"Shi na sani, Alhaji. Wata goma sha ɗaya muna hira da shi."

Na shimfiɗa tafina a kan matashi, ina murna a ɓoye. Ya sunkuyo yana murmushi. Ya bi yatsun da ido ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin. Da ya iso babban yatsa sai murmushin ya tafi. Ya daɗe a nan. Sannan ya ɗago ya dube ni, wannan karon kallon gaske.

"Babban yatsa ba ya taɓa tsirkiya, Rumasa'u," ya ce a hankali. "A bayan wuyan kamanja yake zama. Ko mutum ya shekara hamsin yana kiɗa, ba ya yin kanta a nan."

Wata goma sha ɗaya yarinyar nan tana zaune a bayana, gwiwarta na taɓa ni, ban taɓa juyawa na kalli yadda take riƙe abin ba.

Abuya bai fahimci komai ba, yana ta tura masa farantin dabino. Ustaz ya juya gare shi.

"Alhaji, akwai wata yarinya a gidan nan bayan Rumasa'u?"

"Babu. Sai dai Zali, 'yar ƙanwar maiɗakina mai taya su aiki. Ita ma yau ta bi alhazan garinsu. Ai 'yar masu goge ce ma, irinku."

Na ga hannun Ustaz ya damƙe gwiwarsa. Ya riga ya fara miƙewa. "Yaushe jirginsu zai tashi?"

"Wallahi ban riƙe ba. Rumasa'u, yaushe ne?"

Daga Makka zuwa Jidda awa biyu ce a mota. Da ya fita a lokacin, kafin isha yana zangon alhazai. Na sani sarai. Na dubi tsakiyar idonsa, da wannan muryar da ya saba ji ta bayan labule.

"Ya tashi tun azahar, Abuya."

Ustaz ya koma ya zauna. Gahawarsa ta huce a kofi bai taɓa ba. Abuya ya yi gyaran murya sau biyu, ya dube ni, ya dube shi. Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi, ina cewa a raina to shi ke nan, na rasa, amma ita ma ba ta samu ba.

"Na gani, Alhaji," ya ce a ƙarshe. "A sa rana."

Abuya ya tashi da sauri ya nufi ƙofa yana kiran Ummi, kafin ya gama faɗa guɗa ta cika gidan. Na ɗago cike da murna, na ɗauka ya yafe, na ɗauka fuskata ce ta yi aiki. Ustaz bai motsa ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, da muryar da yake gyara kuskure.

"Ban taɓa riƙe ɗalibin da ba shi da kunne ya wuce sati uku ba. Ke zan riƙe ki. Kullum za ki ɗauki kamanja, safe da yamma, ina zaune a gabanki, sai ranar da kika kaɗa mini irin nata."